Wata na Goma Sha Biyu

Winnipeg, 14 ga Disamba, 1997

Yoel ɗana,

Ina gaishe ka da kyau, ni da Dovid maigidana. Muna nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da take tashi duk sanda ƙanƙara ta zubo, kuma bana tun Oktoba take zuba. Ina fata tarin da na ji a muryarka ta waya ya sake ka.

Bari in fara da wani abu da nake gyara wa ɗalibaina kowace shekara, don na tabbata kai ma haka ka ɗauka. Mutane suna zaton Kadish addu'ar yabon mamaci ce, wai duk wanda ya miƙe ya karanta ta yana shaida wa jama'a cewa ubansa mutumin kirki ne. Ba haka ba ne. Duba ta daga farko har ƙarshe, babu sunan mamaci, babu ma kalmar mutuwa. Ɗaukaka sunan Ubangiji ce kawai: ɗa ya faɗa a cikin mutum goma, sauran su amsa. Na gaya maka wannan ne don ka san abin da zan roƙe ka bai kai nauyin da kake tsammani ba.

Lahadin da ta wuce muka binne ubanka Zalman a New Jersey, kusa da Mama. Likitan gidan yari ya ce zuciya ce. A ɗakin wanki ya faɗi, yana ninke zannuwan gado. Shekararsa arba'in da tara, goma sha uku daga ciki a kulle.

Ban yi fushi da rashin zuwanka ba. Har ma na gode wa Allah da ba ka ga abin da na gani ba. Tsofaffin abokansa na ƙungiya sun zo, su shida, duk sun yi tumbi, kowa da baƙar hular nan tasu. Ɗayansu, Mendi, ya tsaya bakin kabari yana ta jawabi, jarumi kaza, zaki kaza. Da na gaji na ce, "Mendi, ka gama? Ƙafafuna sun daskare, kuma shekara goma sha uku ba ka taɓa kai masa ziyara ba." Ya ce, "Raizel, ai bin sawunmu ake yi." Na ce, "Wa zai ɓata takalminsa yana bin sawun mai sayar da katifa?"

Ba shi da ɗa sai kai. Rabbinmu, malamin majami'armu, ya ce ana iya sa wani ɗalibi ya riƙa karanta masa, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Na kasa amincewa. Ƙanina ne, ni na goya shi. Ka nemi majami'a kusa da kai, ka karanta wa ubanka Kadish. Ban ce ka yafe masa ba.

Gwaggonka,
Raizel

Cleveland, 11 ga Janairu, 1998

Gwaggo,

Na gode da gaisuwa, ki gaida Baba Dovid. Tari ya tafi. Gajiya ce kawai, don yanzu lokacin santsi ne, tsofaffi suna ta faɗuwa, ni kuma ina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti daga safe har yamma. Ki riƙa gasa gwiwar nan, ban son in ga hotonta.

Wasiƙarki ta yi kwana tara a kan firji. Kin san na koma amfani da sunan gidan su Mamata don kada a tambaye ni komai. Ina shekara goma sha biyu jami'an tsaro suka fita da akwatuna daga gidanmu, washegari duk 'yan ajinmu sun ga hoton babana a jarida. Tun daga nan ban ƙara son shiga wurin da ake tambayar mutum ɗan wane ne ba.

Amma akwai wata 'yar majami'a a bayan shagon burodi, kan hanyata ta zuwa aiki. Na tsaya don in leƙa kawai. Sai wani tsoho ya cafke hannun rigata a bakin ƙofa.

"Kai! Bayahude ne kai?"

Na ce, "Haka aka gaya mini."

"To shigo. Mu tara ne tun shida da rabi, Shloime zai mutu kafin a fara."

Daga ciki wani ya ɗaga murya, "Ni zan binne ka, Pinhas, in auri matarka!"

Reb Pinhas, wato Malam Pinhas, shi ne mai kula da wurin. Da na ce masa ina makoki, ya ba ni wata takarda da aka rubuta Kadish da haruffan boko, duk ta yi maiƙo. Na yi ta tuntuɓe, Shloime yana gyara mini da ƙarfi kamar yana kiran kare. Bayan an gama Reb Pinhas ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce babana. Ya ce, "Allah ya sanyaya maka. Me yake yi?" Na ce aikin wanki. Ban yi ƙarya ba ai.

Kada ki yi murna da yawa, Gwaggo. Ban ji komai ba. Amma yau kwana goma sha shida ke nan ina zuwa, kuma zan ci gaba. Wata goma sha biyu cif zan yi masa, ba zan rage ko kwana ɗaya ba. Daga nan na gama da shi.

Yoel

Winnipeg, 25 ga Janairu

Yoel,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Na karanta ƙarshen wasiƙarka sau uku, na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Wata goma sha biyu cif, ka ce. Da ka ƙi ni kai tsaye da ya fi mini sauƙi.

Kowane yaro a ajina ya san ɗa yana karanta wa ubansa Kadish wata goma sha ɗaya ne, ya tsaya. Kakanninmu sun ce hukuncin mugaye a lahira wata goma sha biyu ne, saboda haka ba wanda yake cika shekara, don kada ya nuna ya sa ubansa a cikin mugaye. Kai kuma ka zaɓi ka miƙe a gaban mutane ka ƙara a kan hukuncin alƙali. Alƙalin ma bai bi shi har kabari ba.

Ba ka san shi ba sai a jarida da kuma ta bayan gilashi. Ni na san shi. A sansanin 'yan gudun hijira aka haife mu, a Jamus, bayan yaƙin duniya na biyu. Mama ta rasa miji da 'ya'ya uku a kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, kafin ta haɗu da Baba. Har ta mutu a Brooklyn tana ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi. Zalman yana ɗan shekara bakwai ya tambaye ta, "Me ya sa ba wanda ya rama?" Ta mare shi, sannan ta rungume shi tana kuka. Bai ƙara tambaya ba, amma bai manta ba.

Lokacin da unguwarmu ta lalace, ana tare tsofaffi ana ƙwace musu jaka, ana fasa musu baki, wa ya fito? Shi. Yana shekara goma sha tara, da sanda a hannu, yana raka su gida daga majami'a ɗaya bayan ɗaya. Akwai matar da take ajiye masa miyar kaza kowace Juma'a har ta mutu. An kama shi sau huɗu don ya ɗaure kansa da sarƙa a ƙofar ofishin Rasha, yana neman a saki 'yan uwanmu Yahudawa da aka hana fita daga ƙasar. Wannan ma ubanka ne.

Na san abin da ya biyo baya. Ina kotu, kamar yadda kake kotu. Amma bai yi nufin kashe kowa ba, ya faɗa, an ce masa ginin babu kowa a wannan lokacin.

In don ka wulaƙanta shi kake zuwa, ka daina zuwa. Zan nemi ɗalibin nan.

Raizel

Winnipeg, 6 ga Afrilu

Ɗana,

Lafiya kuwa? Mako goma ke nan ba wasiƙa, na kira sau biyu na'ura ce ta amsa. Dovid ya ce in ƙyale ka. Idin Ƙetarewa ya kusa, na ajiye maka kujera ko da na san ba za ka zo ba. Na yi zafi a wasiƙar nan, na sani. Ka rubuto ko layi ɗaya.

Gwaggonka

Cleveland, 10 ga Mayu

Gwaggo,

Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Na ɗan rame, shi ke nan. Ina fata an yi idi lafiya, kuma ƙanƙara ta bar gwiwarki ta huta.

Ban sani ba. Wannan shi ne layi ɗayan da kika nema. Na ɗauka shekara ake yi, na ce bari in cika ta don kada a ce na yi ha'inci. Kowane yaro a ajinki ya sani, amma ni an cire ni daga makarantar addini a watan da aka kama shi, don iyayen yara ba sa son 'ya'yansu su zauna kusa da ni. Wa zai koya mini? Shi? Minti ashirin ake ba mu ta bayan gilashi, kuma yana cinye su ne da ba ni labarin maƙiyanmu.

Na yi fushi da ke har na kasa riƙe biro. Amma ban daina zuwa ba. Wata safiya na tambayi Reb Pinhas, kamar ba ni abin ya shafa ba, ko gaskiya ne maganar wata goma sha ɗaya. Ya ce, "Gaskiya ne mana. Ubana ya doke ni har na bar gida, duk da haka sha ɗaya na yi masa." Shloime ya ce, "Kai kam ɗanka shekara biyu zai yi." Aka yi dariya. Na ce, to in mutum ya san ubansa ya yi babban laifi fa? Reb Pinhas ya daina ninke mayafin addu'arsa ya dube ni. Ya ce, "Akwai malaman da suka ce irin wannan a cika masa sha biyu. Amma shekarata arba'in a nan ban ga wanda ya yi ba. Wa yake da wannan zuciyar?"

Ga matsalar, Gwaggo. Da ba ki gaya mini ba, da na yi kuskure irin na jahili an gyara mini. Yanzu na sani, dole in zaɓa.

Kin ba ni labarin miyar kaza da sarƙa, na yarda da duka. Amma a wasiƙarki akwai sunan da babu. Nadim Shuhaibar. Mai shagon buga takardu a ƙasan ofishin ɗaliban Larabawan da Baba ya sa wa bam. Ya zo da wuri ranar don yana da katin bikin wasu da zai gama. A kotu 'yarsa tana zaune layi biyu a gabana, sa'ata ce, da takalmin makaranta. Duk lokacin da na sa hoton ƙashin wani a kan fitila, wani abu yana tuna mini da hotunan da aka nuna ranar.

Ke yake rubuta wa duk wata. Tambaya ɗaya nake da ita. A cikin shekara goma sha uku, ya taɓa ambaton sunan mutumin nan? Sau ɗaya ya ishe ni. In ya taɓa, zan tsaya a sha ɗaya a ƙarshen Oktoba, bisa ƙirgen watannin Yahudawa, in yi shiru har abada.

Yoel

Winnipeg, 13 ga Satumba

Yoel ɗana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka addu'ar sabuwar shekararmu ta Yahudawa mai daɗi tun kafin ta shigo. An koma makaranta, an ba ni yara ashirin da biyu masu surutu kamar tsuntsaye. Dovid ya kwanta asibiti kwana huɗu a Yuli saboda tsakuwar ƙoda, ya warke. Amma ba shi ne ya hana ni rubutu wata huɗu ba.

Da farko ka yafe mini. Shekara ashirin da shida ina koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa tambayar wa yake koyar da ɗan ƙanina ba.

Na sauko da akwatin takalmin da nake tara wasiƙunsa. Na ce a raina kwana biyu zan yi in samo maka layin, don na tabbata na taɓa ganinsa. Duk hutun bazara na yi ina karatu a teburin kicin. Na karanta su a jere, na sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Yana maganar abinci, yana maganar haƙorinsa, yana zagin lauyansa, yana tambayar ko ka yi tsawo. Ya yi shafi uku a kan wata mage da take shigowa filin gidan yarin. A wuri biyu ya rubuta "abin da ya faru". Sunan babu, Yoel. Layin da nake tunawa ni na rubuta shi a kaina.

Akwai kuma abin da ban gaya maka ba. A ziyarata ta ƙarshe, bara da kaka, na tambaye shi da bakina. Na ce, "Zalman, mutumin nan fa?" Ya ce, "Wane mutum?" Na faɗi sunan. Ya kira ni da sunan yarinta, ya ce, "Raizele, a yaƙi ake." Na ce, "Wane yaƙi? Katin biki yake bugawa." Ya yi shiru, sai ya tambaye ni yaya gwiwata. Ni kuma na amsa masa, muka ci gaba da maganar gwiwa har lokaci ya cika. Na yi ta gaya wa kaina cewa shirun nan nadama ce. Wataƙila ita ce. Amma ba zan sayar maka da shiru a matsayin magana ba.

Na gaji, ɗana. Na gaji da kare shi a wurin mutane, na gaji da kare mutane daga gare shi. Ga inda tunanina ya tsaya. In abin da kakanninmu suka faɗa gaskiya ne, to wata goma sha biyu zai yi a can, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. In ka tsaya a sha ɗaya, kanmu muka rufa wa asiri, shi kuma muka bar shi shi kaɗai a wata na ƙarshe. Yaron da na goya bai taɓa son a bar shi shi kaɗai a ɗaki ba.

Ka cika sha biyun. Da a majami'armu ana ƙirga mace cikin goma, da na miƙe tare da kai.

Gwaggonka,
Raizel

Cleveland, 26 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi wa Baba Dovid barka da sauƙi. Ni lafiya lau, sai barci da ba ya isata.

Ranar Asabar wata goma sha ɗaya suka cika. Reb Pinhas ba ya manta ranar kowa. Bayan addu'a suka fito da kifin gishiri da ɗan abin sha, wai na gama. Shloime ya ce, "Yanzu da ka iya karatun, sai ka jira rasuwar uwarka." Na ci kifin.

Jiya Lahadi mu goma ne daidai. Da aka zo wurin Kadish na miƙe. Reb Pinhas ya ja gefen rigata. "Zauna, ɗana, ka gama."

Na ce, "Ban gama ba."

Shloime ya ce, "Yaran yanzu, sun yi jami'a ba su iya ƙirga wata ba."

Na ce, "Na iya. Sunan babana Zalman Pruzhan."

Ba wanda ya tambayi ko wane ne. Duk sun kai shekarun da za su tuna. Sai Berel, wani dogon tsoho mai gyaran agogo da bai taɓa yi mini magana ba, ya buga littafinsa a kan benci. Ya ce, "Ubanka ya tsaya mana lokacin da kowa ya shige ƙarƙashin gado! Kai ne za ka kunyata shi a gaban jama'a? Ba da bakina ba." Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa.

Kin san abin da wannan yake nufi. In ya fita mun koma tara, ba Kadish, ba jiya kaɗai ba, kusan duk watan, don da ƙyar muke cika goma a ranakun aiki.

Na ce masa, "Reb Berel, ya kashe mutum mai 'ya'ya biyu, kuma bai taɓa faɗin sunansa ba. Ban zo kunyata shi ba. Rakiya na zo yi masa, ba shi da kowa."

Ya riga ya buɗe ƙofa. Ya tsaya a nan, hannunsa a kan mariƙi, ya ba mu baya. Iska tana shigowa. Mun fi minti ɗaya a haka. Sai Reb Pinhas ya ce, "Berel, ko ka fita ko ka rufe, kana kashe mu da sanyi." Bai fita ba, bai rufe ba. Reb Pinhas ya leƙa ƙafafunsa, ya ga duka biyun suna ciki, ya ce mini, "Goma ne. Karanta."

Na karanta. Suka amsa, ba da ƙarfi ba. Amin ɗin Berel ya zo daga ƙofa, a makare, bayan na kowa. Yau da safe ma ya zo, ya zauna a bencin ƙarshe, bai dube ni ba.

Ban san ko ana jin mu a can ba, Gwaggo. Na dai san saura mako huɗu. Na tambaya, an ce a Winnipeg akwai majami'ar da mata suke miƙewa kuma ana ƙirga su. Na san ba irin taku ba ce, kuma Baba Dovid zai yi gunaguni. Ki je wata safiya kafin makaranta ki gwada sau ɗaya. Kin fi ni iya kalmomin nesa ba kusa ba. Ki ce musu ƙaninki ne. In sun tambayi sunansa, ki faɗa musu.

Ɗanki,
Yoel Pruzhan